Kalmomin walet sun ɓace: wa ke da sauran dama, wa ya kamata ya haƙura?

Duk wanda ya taɓa buɗe walet ɗin kirifto, wato ma'ajiyar kuɗin intanet irin su Bitcoin, irin wanda mutum ke riƙe da kansa, kamar Trust Wallet ko MetaMask ko 'yar na'urar Ledger, ya san wannan matakin. Manhaja za ta jero maka kalmomi goma sha biyu, wani lokaci ashirin da huɗu, ta ce ka rubuta a takarda ka adana. Yawancin mutane a gurguje suke rubutawa, don hankalinsu na kan cinikin da ya kawo su. Sai bayan shekara biyu ko uku waya ta faɗa ruwa ko a sace ta, a nemi takardar a rasa, ko a same ta tawada ta narke, kalmomi tara kaɗai ke karantuwa. Daga nan ake fara yawo da tambaya: akwai yadda za a yi a dawo da su?

Amsa iri biyu ake yawan bayarwa, kuma duka biyun suna cutar da mutane. Wasu su ce sam ba ya yiwuwa, a rungumi ƙaddara. Wasu kuma, galibinsu masu hangen abin da ya rage a aljihunka, su ce sun san gwanin da zai fito maka da kuɗinka cikin kwana biyu. Abin da ke raba gardamar shi ne me ya rage a hannun mai walet ɗin. Wanda ya rasa kalma ɗaya da wanda ya rasa shida, a baki kukansu ɗaya ne. A lissafi kuwa, na farko aikin daƙiƙu ne, na biyu aikin dubban shekaru.

Kuɗin kirifto ba sa zaune a cikin waya. A rubuce suke a kundin bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa, kowa na iya duba adireshi, wanda tamkar lambar asusu ne, ya ga nawa ne a ciki. Abin da walet ke ajiyewa shi ne mabuɗin sirri, wanda sai an sa hannu da shi kuɗin suke motsawa. A farkon zamanin Bitcoin, wanda ya fara aiki a Janairun 2009, kowane adireshi da nasa mabuɗin daban, duk an tara su a wani fayil mai suna wallet.dat, in ya salwanta babu kwafi shi ke nan. A 2012 Pieter Wuille ya kawo tsarin BIP32, wanda ya sa lamba guda take haifar da dukkan mabuɗan walet komai yawansu. A 2013 kuma Marek Palatinus da Pavol Rusnak, waɗanda suka ƙera na'urar walet ta Trezor, tare da wasu abokan aiki biyu, suka fitar da BIP39, dabarar mayar da waccan doguwar lamba kalmomin da ɗan Adam zai iya kwafewa da biro. Su ne kalmomin tushe da muke magana a kai.

Ana tsamo su ne daga wani jeri mai kalmomi 2,048 cif. A jerin Turanci, wanda shi aka fi amfani da shi, na farko shi ne abandon, na ƙarshe zoo. Kowace kalma tana wakiltar bit 11 (bit shi ne alƙalamin kwamfuta, 0 ko 1), don haka goma sha biyu sun ba da bit 132. Daga ciki 128 lamba ce da na'urarka ta zaɓo kai-tsaye ba tare da wani tsari ba, ragowar huɗun alamar tantancewa ce da ake lissafowa daga waɗancan don a kama kuskuren rubutu. A mai kalmomi ashirin da huɗu, bit 256 ne da takwas na tantancewa. A cikin wayarka ko na'urarka ake yin wannan zaɓe, kamfanin da ya yi manhajar ba ya gani, ba ya ajiye kwafi. Shi ya sa in ka rubuta musu kana kuka, haƙuri kawai za su ba ka, kuma ba rowa suke yi ba, ba su da abin da za su miƙo.

A nan sai a ware wani rukuni da babu ruwansu da wannan damuwa. Wanda kuɗinsa ke kasuwar musaya irin Binance ko Coinbase ba shi da kalmomin tushe tun asali, kamfanin ne ke riƙe da mabuɗan. In ya manta kalmar sirrinsa, da imel da katin shaida za a buɗe masa. Mutane da yawa ba su ma san a wane ɓangare suke ba sai ranar da abu ya ɓaci.

Mu fara da mafi muni: takarda ta ƙone ƙurmus, waya ta tafi, babu kwafi ko'ina, ba a tuna ko kalma ɗaya. Yawan jerin kalmomi goma sha biyu masu inganci lamba ce mai alƙaluma 39. A ce an samu kwamfutar da ke gwada tiriliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, abin da ya zarce ƙarfin duk wani mai wannan sana'a nesa ba kusa ba, kafin ta gama zagaye sai ta cinye kusan ninki miliyan 800 na shekara biliyan 13.8 da masana kimiyya ke ƙiyasta wa sararin samaniya. Mai kalmomi ashirin da huɗu kuwa ba a ma kawo zancensa. Kuma da akwai hanyar da za a bi daga adireshi a gano kalmomin, mai ita ba zai tsaya karɓar 'yan daloli daga hannunka ba. Zai kwashe walet ɗin manyan kasuwanni ne, darajar kirifto gaba ɗaya ta rushe kafin la'asar.

Daga nan ne abin ke ƙara armashi, domin da wuya mutum ya rasa komai da komai. In kalma ɗaya ce ta goge kuma an san gurbinta, gwaji 2,048 ne kacal, alamar tantancewa kuma za ta zubar da mafi yawansu ta bar kimanin 128. A mai ashirin da huɗu ma kimanin takwas za ta bari. In ba a san gurbin ba, a ninka da goma sha biyu, har yanzu wasan yara ne ga kwamfuta. Kalma biyu sun haura gwaji miliyan huɗu, wanda kwamfutar gida za ta gama ba tare da ta yi zafi ba. Kalma uku sun kai biliyan 8.6, nan sai an haɗa da katin hoto mai ƙarfi, wato sashen kwamfuta mai saurin lissafi, irin na masu wasannin kwamfuta, amma aiki ne na sa'o'i ko 'yan kwanaki. Kalma huɗu sun kai tiriliyan 17.6, kuma an taɓa gwada hakan a bainar jama'a.

A 2020 wani mai zuba jari, Alistair Milne, ya sa Bitcoin ɗaya a walet, ya riƙa sakin kalmominsa ɗaya bayan ɗaya a Twitter, wanda ya riga kowa buɗewa ya ɗauka. Da kalmomi takwas suka fito, wani mai rubuta manhaja mai suna John Cantrell bai jira sauran ba. Ya yi hayar katunan hoto da dama ta intanet, ya raba musu aikin. Bayan alamar tantancewa ta tace, abin da ya rage a gwada ya ɗan haura tiriliyan ɗaya, kuma cikin sa'o'i talatin ya kwashe kuɗin, da kashe 'yan ɗaruruwan daloli. To ka ɗauki wannan ƙarfin nasa ka ƙara kalma ɗaya. Sa'o'i talatin sau 2,048 shekara bakwai ke nan. Ka ƙara wata, an wuce shekara dubu goma sha huɗu. Na'urori sun ƙara sauri tun daga lokacin, gaskiya ne, amma saurin da suka ƙara bai kama ƙafar ninkin da kalma ɗaya tak ke kawowa ba. Akwai ma wani cikas da aka dasa da gangan: kafin kalmomi su koma mabuɗi sai an maimaita wani lissafi sau 2,048 a kowane gwaji, don a rage wa masu canka gudu.

Sai matsalar jerantawa. Akwai masu wayon da ke rubuta kalmominsu a hargitse don kada ɓarawo ya amfana, da niyyar su za su tuna yadda suka juya su. Ba sa tunawa. In goma sha biyu ne da sauƙi, hanyoyin jera su 479,001,600 ne, kwamfuta za ta iya. In ashirin da huɗu ne aka cakuɗa gaba ɗaya, hanyoyin sun kai lamba mai alƙaluma 24, kuma mutum zai zauna da dukkan kalmominsa a hannu bai rasa ko ɗaya ba, kuɗin kuma sun fi ƙarfinsa. Abin da ke ceton irin wannan shi ne ya tuna wani abu game da dabarar da ya yi: daga ƙasa ya faro, ko layi biyu ya musanya, ko na farko da na ƙarshe kaɗai ya taɓa. Kowane ɗan guntun tuni yana yanke aikin da ninki mai yawa.

Duk wannan gwajin yana bukatar abin da za a auna shi da shi. Kwamfuta ba ta da hanyar sanin ta dace sai in an ba ta adireshi ɗaya na walet ɗin, ta riƙa kwatanta abin da kowane jeri ya haifar da shi. Mutane kan raina wannan, alhali samunsa ba wuya. Yana nan a tarihin cire kuɗi na kasuwar da ka turo su daga can, ko a imel ɗin tabbatarwa, ko a saƙon da ka taɓa aika wa wani don ya biya ka. In babu shi, ana iya kwatantawa da tarin dukkan adireshin da aka taɓa amfani da su a bulokcen, amma aikin ya fi nauyi. Manhajar da aka fi sani a wannan fage ita ce BTCRecover, kyauta ce kuma kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta. A kwamfutar da aka yanke daga intanet ake sarrafa ta, kuma da zarar an dace, a kwashe kuɗin zuwa sabon walet.

Ni a ganina, kaso mai tsoka na masu cewa sun yi asara ba su rasa komai ba, ruɗewa suka yi. Ɗauki kuskuren rubutu. An tsara jerin Turancin yadda haruffa huɗu na farkon kowace kalma sun isa a gane ta, don haka ko ƙarshen kalma ya goge babu damuwa. Amma akwai masu kama da juna: wine, wing, wink, wire, duk suna ciki, kuma rubutun gaggawa ba ya bambanta su. In manhaja ta ce kalmomin ba su inganta ba, wannan labari ne mai daɗi, alama ce ta kuskure ƙarami da za a iya farauta. Abin da ya fi firgitarwa shi ne ta karɓa, ta buɗe, mutum ya ga sifili. Da bit huɗu kacal na tantancewa, ɗaya cikin kowane jeri goma sha shida na kuskure yana wucewa a matsayin ingantacce, ya buɗe wani walet daban da babu wanda ya taɓa sa masa ko sisi. Mai shi sai ya ɗauka an yi masa sata.

Ko kalmomin daidai suke, sifilin na iya fitowa. Daga tushe ɗaya ana bin hanyoyi daban-daban a fitar da adireshi, kuma ba duk manhajoji ne ke bin hanya ɗaya ba. A Bitcoin kaɗai akwai adireshin da ke farawa da 1, da mai 3, da mai bc1q, da mai bc1p, kowanne da hanyarsa. Wanda ya ajiye kuɗi a tsohon nau'i ya dawo da kalmominsa cikin manhajar da ke duba sabo kawai, ba zai ga komai ba. Manhajar walet ta Electrum na da nata tsarin kalmomin da bai dace da BIP39 ba, kirifton Monero kuma ta daɗe tana amfani da kalmomi ashirin da biyar. USDT, kirifton da ke bin darajar dala, na nan a bulokcen ɗin Tron, yana nan a na Ethereum da wasu, in ba ka kunna wanda ya dace ba, ba zai bayyana ba. A MetaMask kuma, asusun da aka shigo da shi daga waje da mabuɗinsa na daban ba ya dawowa da kalmomin tushe, sai da wancan mabuɗin. Duk waɗannan ana warware su da haƙuri da duba adireshi a bulokcen. In kuɗin na nan a adireshin ba su motsa ba, ba a yi sata ba.

Akwai kuma wadda ake kira kalma ta ashirin da biyar, ƙarin sirrin da mutum ke ƙirƙira da kansa ya ɗora a kan kalmomin tushe. Ita ba ta da alamar tantancewa ko kaɗan. Duk abin da ka rubuta za a karɓa, a buɗe maka walet fanko, ko da babban baƙi ɗaya ka mayar ƙarami. Sai dai da yake ɗan Adam ne ya ƙirƙira ta, tana da rauni irin na ɗan Adam. Wanda ya tuna cewa sunan wani ne da shekara da wata alama a ƙarshe yana da kyakkyawar dama, don kwamfuta za ta iya jujjuya waɗannan har a dace.

Wanda ya fi kowa sa'a shi ne wanda ya rasa takarda amma na'urarsa na aiki, kuma abin takaici irinsu ne suka fi jefa kansu a rami da hannunsu. Muddin manhajar na kan waya tana buɗewa, Trust Wallet da MetaMask za su sake nuna maka kalmomin a wurin saituna in ka sa kalmar sirri. Ledger da Trezor ba sa sake nunawa, amma in ka san lambar sirrinka babu abin da ya hana ka buɗe sabon walet, ka rubuta sababbin kalmomi da kyau, ka tura komai can a yau. Abin da ke faruwa shi ne manhaja ta ɗan yi gardama, wani ya ba da shawarar a goge a sake saukewa, ko a kai waya a wanke ta gaba ɗaya. Wannan gogewar ita ce asarar. Wayoyin zamani a kulle suke ajiye bayanai, abin da aka goge da wuya ya dawo. A kwamfuta da ɗan dama-dama. MetaMask na ajiye kalmomin a kulle cikin fayilolin burauza, kuma kamfanin da kansa ya fitar da manhajar buɗe su ga wanda ya tuna kalmar sirrinsa. Tsohon faifan ajiya mai juyawa kan riƙe abin da aka goge har sai an rubuta wani abu a kansa, don haka da an gane an yi ɓarna sai a kashe kwamfutar a daina amfani da ita. Kafin a yanke ƙauna kuma a leƙa Google Drive da iCloud, don wasu manhajojin suna ba da zaɓin ajiye kwafi a kulle a can, mutum ya danna ya manta.

Lambar sirrin na'ura ma ba abin canka ba ce. Ledger na goge kanta bayan kuskure uku, Trezor bayan goma sha shida. Labarin Stefan Thomas, wanda jaridar New York Times ta bayar a Janairun 2021, kowa a harkar ya san shi: Bitcoin 7,002 a kulle cikin wata filasha mai suna IronKey da ke ba da dama goma kacal, ya ɓata takwas, ya tsaya. Tsayawar nan ita ce abu mafi hikima da ya yi, domin a 2023 wani kamfanin tsaro mai suna Unciphered ya nuna yana iya fasa irin wannan filashar. Da ya ƙarasa biyun da suka rage, da babu abin da za a fasa.

Labaran nasara da ke yawo sun cancanci a dube su da kyau, don ba abin da mutane ke zato suke koyarwa ba. A Janairun 2022 aka ba da labarin yadda Joe Grand, ƙwararre kan kutsen na'urori a Amurka, ya buɗe wa Dan Reich wata Trezor mai ɗauke da kirifto na kimanin dala miliyan biyu bayan an manta lambar sirrinta. Grand bai canki kalmomi ba. Ya gano cewa tsohuwar manhajar da ke kan na'urar tana kwafe sirrin zuwa wani sashe na ƙwaƙwalwarta yayin kunnawa, sai ya riƙa yi wa wutar da ke shiga cikinta wasa har tsaron ya yi tuntuɓe ya karanto abin da ke ciki. A 2024 kuma shi da wani abokin aikinsa suka ceto Bitcoin 43.6 na wani mutum a Turai da ya rasa kalmar sirri mai haruffa ashirin. Tsohuwar manhajar RoboForm, mai ƙirƙira da adana kalmomin sirri, ce ta ƙirƙira ta a 2013, kuma a lokacin tana dogara ne da kwanan wata da agogon kwamfuta. Suka riƙa mayar da agogo baya suna sake ƙirƙira har suka faɗa kan ranar 15 ga Mayun 2013. A duka biyun akwai abu a hannu, na'ura ko fayil, kuma akwai kuskuren da masu ƙira suka yi. Lissafin da ke ƙarƙashi bai girgiza ba.

Irin wannan kuskuren kuma ba mai walet kaɗai yake yi wa aiki ba. A 2023 masu bincike suka gano cewa wata manhaja mai suna Libbitcoin Explorer tana ƙirƙirar kalmomin tushe daga bit 32 kawai, wato zaɓi kimanin biliyan 4.3, abin da kwamfuta ɗaya za ta ƙare cikin 'yan kwanaki. Yadda aka gano shi ne kuɗin mutane sun fara ɓacewa. An samu makamancin wannan rauni a Trust Wallet na burauza, a walet ɗin da aka buɗe cikin wasu kwanaki na Nuwamban 2022. Duk walet ɗin da za a iya dawo da shi ba tare da mai shi ya kawo komai ba, ɓarayi sun riga shi isa wurin.

Sai James Howells na garin Newport a yankin Wales na Birtaniya, wanda faifansa mai ɗauke da mabuɗan Bitcoin kusan 8,000 ya tafi juji a 2013. Shi tun kafin zamanin kalmomi ne, amma labarinsa na nuna iyakar abin da hukuma za ta iya. Ya shafe fiye da shekara goma yana neman izinin tona jujin, a Janairun 2025 babbar kotu ta kori ƙararsa. Ko da ta ba shi gaskiya, ba za ta iya buɗe masa walet ɗin ba. Haka abin yake ga magada. Kotu na iya umartar kasuwar musaya ta miƙa asusun mamaci, amma walet ɗin da ya riƙe da kansa ya rasu bai gaya wa kowa inda takarda take ba, babu alƙalin da zai buɗe shi. Kamfanin Chainalysis mai nazarin bulokcen ya taɓa ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na Bitcoin da ke akwai a lokacin yana cikin walet ɗin da suka ɓace ko suka maƙale, kodayake daga waje ba a iya bambanta wanda ya rasa mabuɗi da wanda ya ajiye kawai bai taɓa ba.

Wanda ya fito fili ya ce ya rasa kalmominsa, kafin ya rufe baki saƙonni sun cika masa waya. Wannan ya ce shi ma'aikacin kamfanin walet ne, wancan ya ce ga wanda ya taimake shi lokacin da ya shiga irin wannan hali. Salon bai cika canzawa ba. Ko dai a tura ka wani shafi a ce ka zuba kalmomin da kake da su don a daidaita, ko a nemi kuɗin somin-taɓi, sannan kuɗin manhaja, sannan haraji, har ka gaji. Akwai masu sayar da manhajar da wai ke farautar walet ɗin da aka yasar, wadda za ta nuna maka ta samo dukiya, ta ce ka biya kafin ka cire. Hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a 2023 kan kamfanonin bogi masu iƙirarin dawo wa mutane kuɗin kirifto da suka salwanta. Wanda ke da kalmomi goma cikin goma sha biyu ya fi kowa shiga haɗari, domin abin da ke hannunsa ya isa a buɗe walet ɗin cikin mintuna. Garin neman gira sai ya rasa ido.

Masu aikin na gaskiya suna nan, ba su da yawa. Ana gane su da cewa ba su suke fara neman ka ba, suna da suna da rajista da za a iya bincika, suna karɓar kaso ne daga abin da aka ceto bayan an ceto, kuma sukan gaya maka tun farko in lamarinka ba mai yiwuwa ba ne. Duk da haka akwai abin da ba ya kaucuwa. In kalmar sirrin fayil ce ta ɓace, ana iya ciro ɗan yanki na fayil ɗin a ba su, su gwada a kansa ba tare da sun iya taɓa kuɗin ba. In kalmomin tushe ne, ranar da suka dace sun riga ka ganin mabuɗin, amana ce kawai tsakaninku da takardar yarjejeniya. Shi ya sa mai kalma ɗaya ko biyu da suka ɓace gara ya zauna ya koyi yi da kansa, ko ya sa wanda ya yarda da shi ya yi a gabansa.

Masu ƙira sun san wannan ciwo, kuma sun fito da magunguna: raba sirri gida-gida yadda biyu cikin uku za su isa, kamar tsarin SLIP39 na Trezor, ko walet mai bukatar sa hannu fiye da ɗaya, ko naɗa amintattun da za su taru su dawo maka da iko, wanda Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, ya yi ta kira a runguma a 2021. Ledger ta kawo nata a 2023, inda ake raba kwafin kalmomin a kulle tsakanin kamfanoni uku, aka yi mata ca, don masu amfani sun ce ai an sayar musu da na'urar ne a kan sirri ba ya fita. Ƙorafinsu na da tushe, masu son tsarin ma na da hujja. Amma duk waɗannan kafin asara ake shirya su, ga wanda ta riga ta same shi ihu ne bayan hari.

Wasu na jingina fatansu ga kwamfutar kwantum, sabon nau'in kwamfuta da ake hasashen zai iya wasu lissafan da suka gagari na yanzu. In ta zo da ƙarfin da ake hasashe, abin da za ta fara iya fasawa shi ne adireshin da mabuɗinsu na fili, wato abokin mabuɗin sirri da ake tantance sa hannu da shi, ya riga ya bayyana a bulokcen, kuma ba za ta tambayi waye mai su ba, wanda ya fara mallakar na'urar shi zai ɗiba. Jiran da ke da ma'ana shi ne na mai kalmomi biyar da suka ɓace. Kuɗinsa ba sa ruɓewa a bulokcen, hayar katunan hoto na ƙara araha, kuma in abin da ke ciki na da yawa, wata rana lissafin zai iya biyan kansa, don haka ya adana takardar da adireshin yadda zai adana cikakkun kalmomi. A farashin da Cantrell ya biya, kalma ta biyar za ta ci ɗaruruwan dubban daloli. Ko a kalma huɗu ma, wanda dala ɗari biyu ce a walet ɗinsa zai iya kashe fiye da haka kafin ya buɗe shi.